Saukata Daga Bayan Inna

Ni 'yar wabi ce. Duk yaran da Inna ta haifa kafin ni sun koma tun ba su yi wayo ba, don haka da na zo sai ta ɗaure ni a baya ta ƙi saukewa. Na fara famfara amma ina goye, ƙafafuna na dukan cinyoyinta. Rana ba ta dukana, raɓa ba ta taɓa ni. In yara na gaɗa a dandali, daga kan kafaɗarta nake leƙe. Ci kuwa sai na ture, amma ƙafafun kamar sillen kara.

Shekarar da Bature ya zo rangadi Tsohon Birnin Gwari da malamin da ke yi wa yara lambar agana, kowane yaro ya ranta a na kare, ya faɗa daji. Inna tana rafi, ta bar ni kan tabarma. Na yunƙura zan bi su, na faɗi a ƙofar zaure. Ni kaɗai aka kama a unguwarmu, har yau abin yana ba ni haushi. Malamin ya yi mini lamba, ya lallatsa ƙafafun, ya gaya wa Goggo, yayar babana, cewa lafiyarsu lau, rashin taka ƙasa ne, kuma in aka ci gaba a haka gurguwa za a yi da hannu.

Goggo ba ta iya ɓoye magana. Ta sami Inna ta ce motsi ya fi laɓewa, gobe da ni za ta tsintar kaɗanya bakin daji, kuma da ƙafata. Inna ta yi kuka, ta lissafo mayu da iskokin daji da macizai. Na ji tausayinta, don ba wauta ba ce, tsoro ne na wadda ta sha binnewa.

Da safe ta rako mu har bayan gari. Damina ta fara, ƙasa da santsi. Ban yi nisa ba na zame, gwiwa ta goge, na ɓare baki ina miƙa mata hannu kamar kullum. Ta taho a guje, Goggo ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ki bar ta. In kin ɗauke ta yau, wa zai ɗauke ta ranar da ba kya nan?"

Inna ta tsaya. Can ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, "Tashi da kanki."

Na tashi don haushi, na juya mata baya, na bi sauran mata ina ɗingishi. Ina ji tana jan hanci, sai kuma na ji ta yi 'yar dariya, tana ce wa Goggo, "Yaya, dubi. Ashe tafiyar babanta gare ta. Ban taɓa ganin bayanta ba."