Kaset ɗin Gayyar Wagini

Duk wanda rediyonsa ta taɓa yin shiru a kasuwar Batsari ya san rumfar Armaya'u mai gyara. Mutum ne siriri, hayaƙin dalma ya cinye masa rabin gani, kuma ba ya iya miƙa maka kayanka sai ya haɗa maka da labarin da ba ka tambaya ba. Ɗan Wagini ne. Mahaifinsa Mati makaɗin gangar noma ne, amma Armaya'u bai gaji muryar ba ko kaɗan, tasa kamar ana jan buhu a ƙasa. Wansa Usaini ya gaji gona, shi kuwa ya kwaso rakodar tsohon da kwalin kaset, ya shigo gari.

Da zamani ya juya kowa ya koma memori, bai tsaya gardama ba. Ya koyi kwashe waƙa daga kaset yana tura wa mutane a waya. Bayan la'asar dattawa sukan cika bencinsa, ya sa musu garaya da kukuma na ƙuruciyarsu, su yi ta gyaɗa kai suna zagin kiɗan yaran yanzu.

Akwai kaset ɗaya da yake naɗewa a ƙyalle. An ɗauke shi a wata gayya a Wagini shekaru da yawa baya, kuma nan kaɗai muryar Mati ta rage a duniya. A ciki tsohon yana wasa samarin manoma ɗaya bayan ɗaya: sunan mutum, sunan ubansa, inda gonarsa take, har launin shanun huɗarsa. Baitin ƙarshe na ɗansa Usaini ne, mai gonar bayan rafi. Armaya'u yana son kaset ɗin nan fiye da yadda yake iya faɗa.

Wata ranar kasuwa wani baƙo mai fara'a ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce mahaifinsa ya halarci wannan gayyar, yana so a tura masa. Kan Armaya'u ya kumbura. Ya tura masa kyauta, kuma da ma ya tsaya nan! Ina, sai da ya riƙa tsayar da rakoda a kowane baiti yana sharhi: wane ya rasu, wane yana nan, wane yanzu garke gare shi. Baƙon bai katse shi ba ko sau ɗaya.

Da damina ta kankama, mutanen daji masu satar mutane suka ɗauke Salmanu a gonarsa da rana tsaka. Salmanu ne na baitin farko. Armaya'u ya yi salati tare da kowa, bai kawo komai a ransa ba. Da aka ɗauke Tayyib, na baiti na biyu, sai ya tuna da baƙon nan da ya tura wa waƙar. Na uku ya daɗe da rasuwa, aka tsallake shi, aka ɗauki na huɗu.

Matarsa Hansai ta ce, "Malam, kar ka kashe kanka. Mai shanu ai ba sai an rera shi ba, kowa ya san shi."

"To wa ya jera musu su haka, Hansai?"

Ta ci gaba da tankaɗe.

Ya hau babur ya tafi Wagini, ya iske Usaini a gona yana maimai. Ya faɗa masa komai, bai rage ba, ya roƙe shi ya dawo Batsari ko Safana har a ga abin da Allah zai yi.

Usaini ya dogara da fartanya yana dariya. "Kai dai Armaya'u! Waƙar Baba ce za ta kore ni daga gonar Baba? In bar gero ga wa?"

"Yaya, baiti biyu suka rage kafin naka."

"To Allah ya jiƙan tsoho, da ya sa ni ƙarshe."

Armaya'u ya dawo da tsoro fal cikinsa. Washegari da hantsi ya warware ƙyallen, ya sa kaset ɗin, ya saurara tun daga bugun gangar farko har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya zaro zaren kaset ɗin ya tara a kasko ya kyasta ashana. Ya san ba dabara ba ce, amma hannunsa ya kasa zama haka nan.

Hayaƙin bai gama washewa ba wani babur ya gifta ta bakin rumfar a hankali, ɗauke da mutum uku da suka rufe fuska da rawani, suka miƙi hanyar Wagini. Wayar wanda ke baya tana ta kiɗa. Armaya'u ya miƙe tsaye. Muryar mahaifinsa ce, tangaran, tana kiran Usaini na Mati, mai gonar bayan rafi.