Inna Warsini da Gudumarta

Kafin masu kiwon tarwada su gama watsa abincin safe, Inna Warsini ta riga ta buɗe rumfarta a bakin kasuwar ƙauyenmu, kusa da garin Boyolali. Shayi a gefe, tasta na gwada wutar lantarki a aljihu, guduma a kan tebur. Haka aka san ta tun ana kawo mata rediyo da fanka. Daga baya abin da ya cika teburin shi ne soket ɗin nan da ake kunnawa a kashe ta wayar hannu, wanda kowa ya jona wa injin ruwan tafkinsa don kada ya taso daga inda yake zaune.

Ba ta da yawan magana. In an miƙo mata soket, sansana shi take fara yi. Ta duba ko bakinsa ya yi baƙi. Ta jona, ta kasa kunne, ta ce wa mai shi, "Kashe." In ta ji ƙas, da sauran gyara. In ba ta ji ba, ƙarfen ciki ya narke ya manne: waya za ta ce an kashe, wuta kuwa tana nan tana wucewa. Irin wannan ba ta mayar wa kowa. Guduma take sa masa a gaban mai shi, don kada 'yan gwangwan su tsinta su sayar wa wani.

An zage ta a kan haka. Ba ta fasa ba.

Waɗanda ke wurin ranar kwasar kifi a tafkin Tukiran ba su manta ba. Motar dillali na jira. Parjo, ƙanin Tukiran, ya naɗe wando, raga a hannu, zai shiga tafki. Inna na wucewa ta ji warin ƙonanniyar roba. Ta tsaya.

"Kada kowa ya shiga. A zare fulogin."

"Haba Inna, na kashe tun ɗazu," in ji Tukiran, yana nuna mata waya. "Ba ki ji injin ya yi shiru ba?"

"Wayarka ce za ta shiga ruwan, ko ƙaninka?"

Fulogin yana bayan tarin buhunan abincin kifi, babu mai son ɗaga su. Direba ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, je ki gyara fankarki, kasuwa ba ta jira."

Ta karɓe ragar daga hannun Parjo, ta zauna a kai. "To ku ɗaga ni."

Aka yi dariya. Ta miƙa hannu ta dangwala tasta a bututun ƙarfen da ya nutse cikin ruwan. Tastan ya kawo ja, alamar akwai wuta. Ashe injin ƙonewa ya yi, shi ya sa ya yi shiru, soket ɗin kuma ya manne. Dariya ta ɗauke. Parjo ya ja baya, ya sauke ƙafar wandonsa. Aka kwashe buhunan. Da yamma Tukiran ya zo rumfa da soket ɗin, ya ce a ba shi gudumar, da kansa zai fasa.

Inna, ke ce kika koya mana cewa abin da hannu bai zare ba, ba a kashe shi ba. Saboda ke kowane tafki a ƙauyen nan yake da ƙusa a jikin bango, inda ake rataye fulogi kowa ya gani kafin ƙafa ta taɓa ruwa. Mace mai kafiya. Kafiyar nan ce ta sa Parjo yake goya 'yarsa zuwa makaranta yau.

Yanzu tsufa ya cim mata, ta rufe rumfa. Soket ɗin kuwa sai ƙaruwa suke, masu araha, marasa suna. Mun gode, Inna, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma da kuka rage, ku sansana, ku saurara, ku zare da hannu, ko da za a yi muku dariya.

Gudumar tana nan a kan teburin. Ta ce ba za ta kai ta gida ba.