Muryar Yaya ta Bayan Katanga

Yayana da abokansa uku da baki kawai suke waƙa, ba ganga ba garaya. A zauren gidanmu na Dutsin-Ma suke haɗa muryoyi, kafin damina ta kewayo har Kurfi ake kiransu biki. Ni ina cikin gida. Katangar ƙasa takan tare kalmomin, muryar Yaya mai kauri kaɗai ke ratsowa, shi kuwa amo yake riƙe musu, ba ya furta komai.

Bara ya rasu, shi ne na ƙarshensu. 'Yarsa ta ce, "Gwaggo, rera mini ko ɗaya." Na ce ban san baiti ba, sai amon babanta. Na rufe baki na yi mata. Ta matso ta ɗora kunnenta a bayana.