Makon da Kwamfuta Ta Yi Ja a Kan Garin Koko

Ko da zan manta da komai na tsufana, ba zan manta da makon nan ba, makon da na kusa zubar da mutuncin wata baiwar Allah saboda wani jan akwati na kwamfuta.

Garin koko muke yi a gidanmu nan Zongo. Mu jiƙa gero, mu sa citta da kanumfari, a kai inji, a shanya, a ƙulla a leda. Wata shekara wani mai babban shago a unguwar Sofoline ya ce zai riƙa ɗaukan ƙulli ɗari bakwai duk Asabar, in mun gaza sau ɗaya ya koma wajen wasu. Jikata, wadda ta gama karatunta tana zaune tare da ni, ta ce, "Kaka, wannan ya fi ƙarfin lissafin ka." Ta buɗe kwamfutarta ta ja gida-gida kamar na dara, kowace rana da gidanta. Da yamma a zuba adadin abin da aka ƙulla, gidan ƙarshe ya haɗa da kansa, ya cire daga ɗari bakwai ɗin, ya faɗi saura. In muna kan hanya ya yi kore, in mun yi baya ya yi ja.

Mai ƙirgan ƙulli kuwa wata dattijuwa ce, mijinta dillalin shanu ne kafin ya rasu. Inna muke ce mata. Mun daɗe tare. Ita ke ƙirgawa, ta zuba a buhu, ta ɗinke, ta kulle ɗaki, makulli a bakin zanenta.

Tun ranar farko abin ya yi ja. Na ce kwamfutar ce ba ta san koko ba. Washegari ja, aka wayi gari kuma ja. Jikata ta ja ni bayan ɗaki ta rage murya.

"Kaka, na sa wani gidan yana duba geron da muke aunawa da gwangwanin olonka. Gero na fita daidai, ƙulli ba ya dawowa daidai."

"Ke, rufa mini baki. Ko dai ke kika karkace abin naki?"

"Na duba sosai paa. Abin da aka ba shi yake haɗawa."

Daga nan zuciyata ta ɓaci. Na koma kallon Inna ta gefen ido. In ta gyara zane, in ce me ta soke. In ta tashi alwala, in bi ta da kallo har ta dawo. Na lura kuma duk sanda jikata ta ce, "Inna, yau nawa?" sai ta waiga hagu da dama, ta dubi matan da ke tsakar gida, sannan ta faɗa a gajarce, ta bi da "Masha Allahu." Na ce a raina mai gaskiya ba ya waige haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, zai zo ɗaukan kaya gobe, kwamfuta na cewa ba mu kai ba. Na sallami kowa ban da jikata, na ce, "Inna, buɗe ɗakin nan."

Ta dube ni, dubawar da har yau nake gani. Ta kwance makulli. Muka farke buhu bayan buhu, jikata na ƙirgawa. Kaya ya cika, har da ɗori.

"To Inna," in ji jikata, "don me kike rage mini?"

"Yarinya, a tsakar gida kike tambayata, gaban kowa. A gidanmu ba a faɗin yawan arziki da baki. Mijina ya mutu bai taɓa gaya wa mutum adadin shanunsa daidai ba. Ana ragewa, kada baki ya kama kaya." Sai ta juyo gare ni. "Ke kuma, Hajiya, da kin tambaye ni."

Ta ajiye makulli a kan buhu ta tafi gida. Kaya ya fita Asabar lafiya, amma sai da na taka har ƙofarta, na ɗauki limamin unguwa, kafin ta yarda ta dawo. Ko da ta dawo, ba ta sake karɓan makullin ba. Jikata ce ta samo dabara: ta daina tambaya da baki, sai ta juya mata kwamfutar, Inna ta danna lambar da yatsa kamar yadda take yi a wayarta, ba wanda ya ji. Gidan ƙarshe ya koma kore.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Na'urar nan ta iya haɗawa da cirewa, amma ba ta san dalilin mutum ba. In ta nuna muku ja, kafin ku zargi hannun wani, ku ja shi gefe inda ba kowa, ku tambaye shi yadda ya ƙirga.