Dabbobin da Muka Yanka a Bango

A farkon shekarun Shari'a aka kira mu hedimastoci taron bita a Rano, aka sanar da mu cewa ilimi ya canza. Wani baƙo daga Kano ya ce yaro ba buhu ba ne da za a yi ta ɗura masa karatu, sai an haɗa da zane da waƙa da wasan kwaikwayo. Muka tafa, muka ci shinkafa, na hau babur na koma makarantata a wani ƙauyen Kibiya ina jin kaina jagoran gyara. Wasu azuzuwanmu ko rufi babu, amma wannan ba ya cikin bitar.

Waƙa da wasa ban ko kusance su ba, don a lokacin ko a gidan biki ganga ta yi sanyi. Saura zane. Ina da malamin da zane ya karanta a kwalejin horon malamai, mu kuwa muka ɗora masa lissafi tunda ya iya riƙe rula. Da na ce masa bangon makaranta ya zama nasa, sai ya dube ni kamar na ba shi kujerar Makka.

Duk hutun nan a kan benci ya yi shi, hannu dumu-dumu da fenti. Ya zana akuya da raƙumi da zakara da farar saniya irin ta Fulanin da ke bi ta bayan makaranta, kowanne da sunansa a ƙasa. A gefen ƙofa kuma ya zana yarinya rataye da jaka za ta shiga aji. Kowa ya gane ta, 'yarsa ce ta aji biyu, har da wushiryarta. Yaran da ke gudun makaranta suka fara zuwa da kansu, ko don su ga raƙumi.

Sai ga shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji dattijo wanda shi ya sai mana bencuna. Ya bi bangon a hankali.

"Malam, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Amma masu rai ne. Ina jiye wa yaron nan da ya zana su ranar da za a ce ya busa musu rai."

Na kwaso masa bayanin bita kaf, ya saurara har na gaji.

Sannan ya ce, "Ai ba gogewa za a yi ba. A ja layi a wuyan kowanne, a raba kai da jiki. Shi ke nan, ba sura ba ce kuma."

Na yi murna ƙwarai, don tafiya tare da al'umma ma yana cikin bitar. Washegari malamin zane ya ɗauki farin fenti ya fara da akuya. Yara na biye da shi suna cewa yau layya ake a makaranta. Da aka zo kan raƙumi har gardama suka yi a kan inda ake soke shi. Shi ma malamin yana dariya, har ya iso ƙofa.

"Ranka ya daɗe, wannan fa?"

Na koma wurin Alhaji. Abin ya dame shi, na gani a fuskarsa, amma ya ce hukuncin ɗaya ne. Na dawo na faɗa wa malamin. Yarinyar tana tsaye cikin yara tana jiran ta ga me za a yi da ita.

"Ba zan ja wa 'yata layi a wuya ba," ya ce a hankali.

Ya dama farar ƙasa ya shafe ta gaba ɗaya, ya bar jakar kawai a tsakiyar bango. Raina ya ɓaci ranar, kuma ban samu wanda zan yi fushi da shi ba.

Da masu duba makarantu suka zo tare da baƙon Kano, layin wuyan ya burge su. Suka tambayi ma'anar jakar da babu mai ita. Na ce don kowane yaro ya sa kansa a wurin ne. Suka jinjina kai, kuma da jakar nan makarantarmu ta zama abin misali a taron bita na gaba. Malamin kuwa ya roƙe ni in mai da shi lissafinsa, na mai da shi.

Sai dai farar ƙasa ba ta jure ruwa. Kowace damina yarinyar takan fara fitowa, wushiryar ce kan gaba. Ba ya jiran a yi magana, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi. Har na bar makarantar, 'yar tana sakandare, shi ke dama farar ƙasar ya shafe ta da hannunsa. Daga ƙafa yake farawa, fuskar yakan bar ta sai an tashi yara.