'Ya'yan Gidan Maigadi

Na yi gadin wata firamare a ƙauye, gaba da garin Babban Mutum, har na yi ritaya, amma ranar da aka zo ƙidayar yara ba ta taɓa fita raina ba. Ni ban yi boko ba. Abin da na sani, yawan yara ne ke kawo wa makaranta malami da benci da alli. In yara suka ragu, sai a ɗauke malami.

Makarantarmu a bakin iyaka take. Akwai wani ƙauye a tsallake, cikin Nijar, wanda muka fi kusa da shi a kan tasu makarantar. Kullum da safe yaransu ke ratso gonakin gero su zo. Duk dangi ne, uwata ma can aka haife ta.

Wata Talata, bayan an cire gyaɗa, wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi a kan babur, da takardu cike da jaka. Ya ce wa hedimasta kuɗin gwamnati na 'yan ƙasa ne, a cire sunan duk yaron tsallake, daga gobe ya zauna gida. Hedimasta ya hau gumi, ya ce shi baƙo ne a garin, maigadi ne ya san kowa. Ya jefa ni ciki ke nan.

Kafin a kira ni, jami'in ya shiga aji shida gwada karatu, don a takardarsa akwai gurbin ƙwazon makaranta. Ya ta da yara biyar a jere, duk suka yi ta kame-kame. Ɗan hedimasta kallon littafin ya tsaya yi kamar ya ga maciji. Sai wata yarinya, Rabi, ta karanta shafi guda ba tuntuɓe, ta kuma warware lissafin allo. Wasu biyu suka yi kamar ta. Jami'i ya washe baki, ya ce da waɗannan shiyyarsa za ta fita kunya a jarrabawar shiga sakandare.

Sannan aka kira ni, ya ce in nuna masa 'yan tsallake.

Na ce, "Yallaɓai, fara da ukun nan da ka gama yabo."

Ya dube ni, ya dubi takarda. Can ya tambaya ko sukan zauna a ɓangarenmu na iyaka. Na ce in ruwa ya tare su, a zaurena suke fakewa.

"To shi ke nan, Baba. Mutanen gidanka ne."

A gurbin mazauni ya rubuta gidan maigadi har sau goma sha tara, adadin yaran tsallake. Ni mai ɗaki biyu da akuya ɗaya. Na ce tunda iyali sun ƙaru a duba albashina. Ya yi kamar bai ji ba, ya ta da babur. Ba a kori kowa ba, shekarar ma aka ƙaro mana malama.

Ku da kuka shigo aikin gadin nan yanzu, ku riƙe wannan. Mutumin ofis ba mugu ba ne, matsoraci ne. Kada ka ɓata bakinka wajen roƙonsa. Nuna masa inda abin zai taɓa kujerarsa, shi da kansa zai nemo maka hanya.