Almakashin Kawu Mukhtaru

Kawuna Mukhtaru bai taɓa kallon talabijin don jin daɗi ba. Haifaffen unguwar Tandabawi ne, jikan alhazan Kano da suka zo Makka suka zauna. Ƙuruciyarsa duk ta ƙare a ɗakin tace shirye-shirye na wani gidan talabijin a Jidda, aikinsa yanke abin da bai kamata a gani ba. Dokar ma'aikatar yaɗa labarai ce ke faɗin iyakar, shi kuwa ya haddace ta kamar Fatiha. Ko a gida bai sauke aikin ba, da mace ta leƙo a allo sai ya canza tasha. Mu da muka taso a gidansa mun girma ba mu san ƙarshen wasan kwaikwayo ko ɗaya ba, kuma har yau ina jin haushin wannan.

Wata shekara aka kawo masa faifan da aka ɗauko lokacin hajji. Sai ga mahaifiyarsa a Muzdalifa tana zuba wa alhazai kunu, fuska a buɗe, tana dariya. Ya san abin da manyansa za su ce, ya yanke ta da hannunsa. Ta rasu ba ta ga kanta ba, shi ma bai ƙara ta da zancen ba.

Zamani ya juya, tashoshin waje suka shigo, waya ta biyo baya, dokar ma ta sassauta. Kawu ya yi ritaya ya koma unguwar Shisha a Makka. Sai autarsa Dalal, don tsabar neman magana, ta karanci haɗa fim. Aikinta na farko a kan tsofaffin matan Tandabawi ne, uwarta Asiya ce a gaba, tana ba da labarin ƙuruciyarsu da Hausa. Asiya ta ce ba mai nuna ta sai mijinta ya yarda.

Wata rana bayan la'asar, ina zaune a gefe, Dalal ta ajiye masa kwamfuta.

"Abuya, ka duba. In ka ce mamnu', an hana, kalas, zan goge."

Ya gyara tabarau. Ina kallon yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar almakashi, na riga na shirya faɗa. Ya tsura wa matarsa ido a allo tana dariya har da riƙe ciki.

"Akwai gyara, ya binti."

Dalal ta sunkuyar da kai.

"Sautin ya yi ƙasa. Ki ƙara shi, mutane su ji muryar uwarki."